Abin da ya kamata ku sani: mene ne ke wuyan mai dukiya, kuma wa ke da ikon tuhumarsa?

Duk garin da masu hali da marasa hali suke zaune tare, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa. A majalisar bakin titi wani zai ce, "Kai, Alhaji yana ƙoƙari. Shi ya gina mana masallacin nan, shi ya haƙa mana rijiyar burtsatse." Na kusa da shi ya amsa, "To, masu yi masa dako fa, nawa yake ba su a wuni?" Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Gardamar kuma ba yau ta fara ba. Sama da shekara dubu biyu ke nan ana rubutu a kanta, an kafa dokoki saboda ita, an kuma zubar da jini.

Tushenta wata tsohuwar aƙida ce da za mu iya kira aƙidar manya. Masu ita suna cewa a kowace al'umma akwai 'yan tsiraru da suka fi saura cancantar riƙe dukiya da jan ragama, ko don asalinsu, ko don tarbiyyarsu, ko don basirarsu. Amma ba su tsaya nan ba. Sun ce fifikon tare yake da nauyi. Wanda aka sa gaba shi zai fara fita idan an kawo hari, shi zai buɗe rumbu idan an yi fari, shi zai raba faɗa, shi zai riƙe maraya. Bahaushe ya dunƙule zancen da cewa babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa can zai zuba. Ciniki ne dai: ku bar mana girma, mu ɗauke muku wahala. Inda ake samun matsala, tun da can har yau, shi ne ranar da manyan suka ci girman suka ƙi ɗaukar wahalar. Wa zai tuhume su, kuma da wane iko?

Aristotal, masanin nan na ƙasar Girka da ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya raba mulkin 'yan tsiraru gida biyu. Idan nagartattu ne suka riƙe gari don amfanin kowa, ya ce wannan mulki ne mai kyau. Idan kuwa masu kuɗi ne suka riƙe shi don aljihunsu, to ya lalace. A ganinsa sai mutumin da ba ya fafutukar abincin gobe ne zai samu sukunin yin karatu da tunani da shawara kan lamarin gari. Kada mu manta da wanda ya samar masa da wannan sukuni: bayi ne ke noma, su ke haƙar azurfa, kuma shi kansa Aristotal ya kare bauta a rubuce.

Duk da haka mutanen birnin Atina ba su bar alherin mai kuɗi a hannun zuciyarsa ba, kuma wannan ne ya fi burge ni a tarihinsu. Hukumar gari ce ke ɗora wa attajiri hidima. A ce da wannan, bana kai za ka ɗauki nauyin jirgin ruwan yaƙi guda har shekara. A ce da wancan, kai za ka biya kuɗin horar da mawaƙan bikin gari. Idan wanda aka ɗora wa yana ganin akwai wanda ya fi shi kuɗi aka tsallake, doka ta ba shi damar ya nuna shi, ya ce masa ko ya karɓi hidimar, ko kuma su yi musayar dukiya gaba ɗaya. In sun kasa daidaitawa a tafi kotu. Mai kuɗi yana samun suna da yabo daga hidimar, amma ba shi da ikon cewa bana ba na jin yi.

Ranar da girma ya rabu da aiki

A Turai ta zamanin da, an ɗauki al'umma kashi uku ce: masu addu'a, masu yaƙi, da masu noma. 'Ya'yan gidan sarauta na Faransa ba sa biyan babban harajin da ke kan talaka, hujjarsu ita ce su da jininsu suke biya a fagen fama. Zancen yana da ma'ana a lokacin da mai gari ke kwana cikin mutanensa, yana kare su, yana yi musu shari'a. Amma sannu a hankali sarki ya kafa rundunarsa ta albashi, ya tura ma'aikatansa su riƙe larduna, manyan 'ya'yan sarauta kuma suka tare a fadar Versailles, inda Sarki Louis na 14 ya mayar da fadarsa a 1682. Aikin ya bar hannunsu, gatan ya zauna.

Alexis de Tocqueville, wanda shi ma ɗan babban gida ne, ya bi takardun wancan zamani ya fitar da littafi a 1856 kan abin da ya jawo juyin juya halin Faransa. Ya nuna manomin da gonarsa tasa ce, ya saye ta da guminsa, amma dole ya kai hatsinsa injin niƙan mai gari ya biya, ya gasa burodinsa a tandun mai gari ya biya, tantabarun mai gari su cinye masa iri ba shi da bakin magana. Shi kuwa mai garin ba ya gyara hanya, ba ya ciyar da kowa a shekarar yunwa, wani lokaci ma ba a san fuskarsa ba. Tocqueville ya lura cewa talaka ya jure wa nauyin da ya fi wannan a lokacin da yake ganin amfanin mai ɗora masa shi. Da amfanin ya gushe, ɗan abin da ya rage ma sai ya gagara ɗauka. A daren 4 ga Agusta 1789 majalisar ƙasar ta soke waɗannan gatanci.

Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya riga Tocqueville hango yadda abin ke lalacewa daga cikin gida. A Muƙaddimarsa ya ce girman gida yakan ƙare a zuriya ta huɗu. Kaka ya gina da wahala, ya san abin da ya ci masa. Ɗansa ya gani da ido, ya koya daga gare shi. Jika yana kwaikwayo ne kawai. Na huɗu kuwa sai ya zaci girman a cikin jininsa yake, ba aiki ne ya kawo shi ba, sai ya fara wulaƙanta mutanen da suka tallafi gidan, su kuma su juya masa baya. Duk wanda ya girma a tsohon gari ya san wani gida da wannan bayani ya yi wa daidai.

Manyan Ingila sun fi na Faransa daɗewa, kuma tsarin gadonsu ya taimaka musu: babban ɗa ne ke ɗauke ƙasar gida gaba ɗaya, ba a raba ta. Wata ƙidayar masu filaye da aka yi a shekarun 1870 ta nuna kimanin mutum 7,000 ne ke riƙe da kashi huɗu cikin biyar na ƙasar Birtaniya. Su ma a hankali aka zare musu iko. A 1911 aka hana Majalisar Dattawansu ikon kashe dokar kuɗi, a 1999 kuma aka sallami mafi yawan masu zama a cikinta ta hanyar gado, aka bar 92.

Ɗan masaƙi da ya ari rigar manya

Da masana'antu suka zo, sai ga wasu masu kuɗi da ba su da kakan da za su yi tutiya da shi, amma dukiyarsu ta ninka ta 'ya'yan sarauta. Su ma suna buƙatar hujjar da za su ba jama'a. Babu wanda ya tsara wannan hujja dalla-dalla kamar Andrew Carnegie, don haka ya cancanci mu daɗe a kansa.

An haife shi a 1835 a garin Dunfermline na ƙasar Sikotilan. Mahaifinsa masaƙi ne da injinan saƙa suka kashe wa sana'a. A 1848 iyalin suka yi ƙaura zuwa Amurka, suka sauka kusa da Pittsburgh, yaron ya fara aiki a masaƙar auduga a kan dala ɗaya da senti 20 a mako. Daga nan ya zama ɗan aiken gidan waya, ya shiga kamfanin jirgin ƙasa, ya fara sayen hannun jari, a ƙarshe ya kama harkar ƙarfe ya mamaye ta. A 1901 ya sayar da kamfaninsa ga J. P. Morgan a kan dala miliyan 480.

Akwai wani abu da ya faru da shi yana yaro wanda bai taɓa mantawa ba. Wani mutum a unguwarsu, Kanar James Anderson, yana da littattafai kimanin 400, sai ya riƙa buɗe wa yara 'yan ƙwadago ɗakin duk ranar Asabar, kowa ya ari guda ya dawo da shi mako mai zuwa. Yaron da ya bar makaranta tun yana ƙarami a nan ya yi karatunsa. Wannan ya sa da ya samu dukiya ya fi ba da ƙarfi ga ɗakunan karatu. Ya gina sama da 2,500 a ƙasashe dabam-dabam, na farkonsu a garin haihuwarsa a 1883. Kuma yana da sharaɗi: shi zai biya kuɗin gini, amma sai garin ya ba da fili, ya kuma yi alkawarin ware kwatankwacin kashi goma cikin ɗari na kuɗin ginin duk shekara don albashi da littattafai. Ba ya son ya gina abin da zai zama kufai bayan an gama bikin buɗewa. A wannan kam ya fi da yawa daga masu alherinmu hangen nesa.

A watan Yuni 1889 ya buga wata maƙala a mujallar North American Review, wadda daga baya ta yi suna da Bisharar Dukiya. Ya ce hanya uku ce mai kuɗi zai rabu da dukiyarsa. Ko ya bar wa 'ya'yansa, wannan kuwa a ganinsa cutar da su ne, domin yana kashe musu zuciya. Ko ya yi wasiyya a yi alheri da ita bayan ransa, wannan ma bai burge shi ba, tunda mutum ya ba da ne kawai don ba zai iya tafiya da ita ba. Ko kuma ya kashe ta da hannunsa kan amfanin jama'a tun yana raye, wadda ita ce ya zaɓa. Ya goyi bayan gwamnati ta lafta haraji mai nauyi a kan gadon manyan attajirai. Ya ce abin kunya ne mutum ya mutu ya bar tulin dukiyar da yake da ikon rabawa. Ya kuma cika abin da ya faɗa: kafin rasuwarsa a 1919 ya ba da kimanin dala miliyan 350.

Har mu nan alherin ya taɓa. Gidauniyar da ya kafa a 1911 ce ta ɗauki nauyin kwamitin Ashby, wanda ya duba makomar ilmi mai zurfi a Nijeriya ya miƙa rahotonsa a 1960. Cikin shawarwarinsa har da kafa jami'a a Arewa, kuma a 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Sai dai a cikin wannan maƙala akwai wani ɓangare da masu yabonsa ba su cika ambato ba. Carnegie ya ce taruwar dukiya a hannun 'yan kaɗan ba aibi ba ce, ita ce ma ke kawo ci gaba, domin gasa ce ke tace waɗanda suka fi ƙwarewa. Wannan ya ɗauko ne daga Herbert Spencer, masanin Ingila da yake ɗauka tamkar malaminsa. Ya ce mai kuɗi wakili ne na 'yan'uwansa talakawa, zai yi musu abin da ya fi wanda za su iya yi wa kansu, saboda ya fi su basira da gogewa. Har ya kawo hujjar cewa da an raba irin wannan kuɗi ƙanana-ƙanana a matsayin ƙarin albashi, da yawancinsa a ci da sha zai ƙare. Ya fi son kuɗin su taru a hannunsa, shi ya zaɓa wa lebura abin da ya dace da shi. Aƙidar manya ce sak, sai dai an cire asali an sa nasarar kasuwa a gurbinsa.

Shekara uku bayan maƙalar aka ga abin da wannan tunani ke haifarwa. A masana'antarsa ta Homestead, a bakin kogin Monongahela, yarjejeniyar ƙungiyar ma'aikata za ta ƙare a ƙarshen Yuni 1892. Kamfanin ya nemi rage albashi. Carnegie, wanda a baya ya rubuta cewa ma'aikata suna da haƙƙin kafa ƙungiya, ya tafi Sikotilan ya bar wa manajansa Henry Clay Frick wuƙa da nama. Frick ya kewaye masana'antar da katangar katako mai tsawon mil uku, ya ɗora mata waya mai ƙaya, ya rufe ƙofa ya bar ma'aikata kimanin 3,800 a waje. Da asubahin 6 ga Yuli sai ga kwale-kwale biyu manya ana janye da su a kogi, cike da 'yan tsaron haya na kamfanin Pinkerton su wajen 300, riƙe da bindigogi. Mutanen gari, maza da mata da yara, suka yi dafifi a bakin ruwa. Aka wuni ana harbe-harbe. Lissafin da aka fi ambato shi ne ma'aikata bakwai da 'yan tsaro uku suka mutu. Gwamnan jihar ya turo dakaru wajen 8,000, a watan Nuwamba yajin aikin ya karye, ƙungiyar ta mutu, albashi ya sauka.

A 1898 Carnegie ya buɗe wa garin Homestead katafaren ɗakin karatu, har da zauren kiɗa da wurin ninƙaya. Mutanen da aka gina wa kuwa awa goma sha biyu suke yi a gaban wutar narka ƙarfe, kuma idan za a juya masu aikin dare da na rana, sai mutum ya yi awa ashirin da huɗu a tsaye. Yaushe zai karanta littafi? Shi ya sa wasu garuruwa suka ƙi karɓar kyautarsa. A Wheeling, a jihar West Virginia, 'yan ƙwadago sun yi gangami aka kayar da shirin a ƙuri'ar da aka kaɗa a 1904, daga baya garin ya gina ɗakin karatunsa da kuɗinsa.

Ni ban yarda da masu cewa alherin Carnegie yaudara ce ba. Miliyoyin yara sun karantu a gine-ginensa, wannan ba abin rainawa ba ne. Amma ban yarda alherin ya wanke Homestead ba. Kuɗin da ya gina ɗakin karatun wani ɓangarensa albashin da aka hana ne. Kuma shi ne mai tarawa, shi ne mai rabawa, shi ne alƙalin da ke cewa an yi daidai. Wannan tsari har yau yana nan. A 2010 Bill Gates da Melinda Gates da Warren Buffett suka fito da wani alkawari da manyan attajiran duniya ke sa wa hannu cewa za su ba da fiye da rabin dukiyarsu. Abu ne mai kyau, amma alkawarin fatar baki ne, babu kotun da za ta kama wanda ya saɓa.

A ƙasar Hausa fa?

Mu ma muna da namu fasalin, kuma ya daɗe. Akwai masu sarauta, akwai malamai, akwai attajirai, akwai talakawa. Abin da ya ɗaure su shi ne zumuncin ubangida da baransa. Attajirin da ya amsa sunansa ba a gane shi da yawan kuɗi kawai, sai da yawan mutanen da ke ci a ƙarƙashinsa. Da magariba a shimfiɗa tabarma a zaure, a fito da akusan tuwo, duk wanda ya zo ya sa hannu ba a tambayarsa daga ina. Yaron gida idan ya yi hankali a ba shi jari, in ya isa aure a yi masa, in matarsa ta haihu maigida ne mai ragon suna. A zangunan Kumasi da Sabon Ibadan, maigida ne ke saukar da fatake, ya ajiye musu kaya, ya tsaya musu a ba su bashi. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, a cikin wannan tsari ya tashi, daga fataucin goro zuwa sayen gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, kuma ta hannun yaransa da wakilansa da ya ba jari harkarsa ta bazu.

Wannan tsari ya rufa wa mutane da yawa asiri a zamanin da babu fansho, babu inshora, babu bankin da zai kalli talaka. Amma yana da farashi. Bara ba ya musu da ubangidansa. Wanda ka ci tuwonsa jiya, da wuya ka tashi a taro ka ce ya yi kuskure. Ranar zaɓe kuma ana tuna maka wanda ya biya kuɗin asibitin mahaifiyarka.

Ta ɓangaren sarauta ma, tuhumar ba baƙuwa ba ce. A littafinsa Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zayyana laifuffukan sarakunan zamaninsa: harajin da shari'a ba ta sani ba, karɓar gaisuwa, ƙwace kayan talaka, da mayar da mulki abin gado da rinjaye ba tare da shawara ba. Bayan kusan ƙarni ɗaya da rabi, a watan Agusta 1950, matasan da suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano suka fitar da sanarwar Sawaba, suka ce akwai saɓanin maslaha tsakanin masu riƙe da mulkin En'e da talakawa, kuma talaka ne zai 'yanta kansa. Malam Aminu Kano ya zama jagoran wannan tafiya. Daga ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. Yau sarki yana da kwarjini da lema da algaita, yana sulhu, yana jan hankali kan rigakafi da zaman lafiya, amma baitulmali ba ya hannunsa. Nauyin da jama'a ke ɗora wa babba a da, yanzu rabinsa ya koma kan attajiri da ɗan siyasa.

A nan ne shari'ar Musulunci ta sha bamban da tunanin Carnegie, kuma bambancin babba ne. Zakka ba ta jiran tausayin mai dukiya. An ƙayyade nisabi, an ƙayyade abin fitarwa, ɗaya cikin arba'in a kuɗi da kayan ciniki idan shekara ta zagayo, an kuma lissafa kashi takwas na masu karɓa a Suratut Tauba. Mai bayarwa ba shi da ikon cewa shi ya fi sanin inda ya dace. Da wasu ƙabilu suka ƙi bayarwa bayan wafatin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Halifa Abubakar yaƙar su ya yi. Gado ma ba a bar wa mai dukiya ya yi yadda ya so ba: wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, saura a raba wa magada. Wannan ya sa dukiya ba ta daskarewa a gida ɗaya kamar yadda filayen Ingila suka daskare, kodayake shi ne kuma dalilin da ya sa kasuwancin attajirai da yawa ke wargajewa da zarar an yi sadakar arba'in. Sannan ladan ɗan ƙwadago haƙƙi ne da ke gaba da kowace sadaka. Wanda ya danne albashin direbansa ya je ya raba shinkafa a ƙofar gida bai biya bashin da ke kansa ba.

Abin takaici, yadda muke yi a aikace ya fi kama da na Carnegie, ba tare da tsarinsa ba. Jihohi irin su Kano da Zamfara da Sakkwato suna da hukumomin zakka da waƙafi, amma masu hali da yawa sun fi son su raba da hannunsu. Kowa ya san yadda abin yake a watan azumi: mata da goyo tun sassafe a bakin get, rana ta take, masu gadi da bulala, a jefo ambulan ko a miƙo ƙullin gero, mai ƙarfi ya samu, tsohuwa ta koma hannu rabbana. An sha rasa rayuka a irin wannan turmutsitsi, kamar yadda ya faru a Bauchi a watan Maris 2024. Niyyar mai bayarwa tana iya zama mai kyau, amma haƙƙin mutum bai kamata ya karɓe shi a wulaƙance ba, kuma buhun da aka raba yau ba ya kaiwa Sallah.

Alhali kuwa muna da hanyar da ta fi wannan tun farkon Musulunci. Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Khaibar, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado, amfaninta kawai ake ci. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, ta kashe dukiya mai yawa wajen jawo ruwa zuwa Makka da gina wuraren shan ruwa a hanyar alhazai daga Iraƙi. Wannan shi ne waƙafi, ko hubusi kamar yadda malamanmu na Malikiyya ke cewa. Attajirin da ya gina makaranta ya haɗa mata da shaguna goma da hayarsu za ta riƙa biyan malamai, ya yi abin da zai rayu bayan shi da 'ya'yansa. Da zarar ya tsayar da dukiyar, ta fita daga ikonsa, ba zai wayi gari ya ce ya fasa ba don unguwar ta ƙi zaɓen ɗan takararsa. Ana rubuta sharuɗɗan a gaban shaidu, a naɗa mai kula, kuma idan mai kulan ya ci amana, ko da ɗan mai waƙafin ne na cikinsa, waɗanda aka yi domin su suna da ikon kai ƙara, alƙali ya nemi lissafi, ya tsige shi ya naɗa wani.